Hannuwan Datti

Datti ya cafke wuyan hannuna har kofin kunun ya tuntsire a kan tabarma. Ban san mutumin da ya kwana goma sha biyu a kwance yana da sauran irin wannan ƙarfi ba. Ya sake ni, ya kafa yatsunsa a gefen kansa kamar ƙaho, ya dunƙule hannun dama ya fizgo shi zuwa ƙirjinsa, sannan ya shimfiɗa tafinsa yana tafiyar da shi ƙasa-ƙasa. Ya zuba mini ido yana haki.

"Ka gani ko?" in ji Fa'iza, matata, daga bakin ƙofa. "Tun da safe abin da yake yi ke nan. Shi ya sa na aika a kirawo ka daga gona."

"Zafin ciwo ne."

"Malam, mai zafin ciwo ba ya maimaita abu ɗaya sau ashirin."

Datti kurma ne, ba ya ji, ba ya magana. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara goma sha tara. Shi ne mai ruwan shiyyarmu: shi ke buɗe ƙofar ƙaramin kanal idan ranarmu ta zo, ya bi gaɓa har ƙarshe yana duba kowace gona ta sha, sannan ya rufe. Matarsa Halimatu ce kaɗai ke hira da shi a garin nan, kuma yau shekara huɗu da rasuwarta, ba su bar ɗa ba. Ni kuwa, in faɗi gaskiya in kunyata shaiɗan, abin da na iya ce masa da hannu bai wuce huɗu ba: zo, tafi, ci, lafiya. Ko jakina ina gaya masa abin da ya fi haka.

Da ciwon zuciya ya kayar da shi muka kai shi asibiti a Kura. Likita ya duba, ya ja ni gefe ya ce mu mayar da shi gida mu yi masa addu'a. Ni na karɓi makullin ƙofar ruwa. Har ina cika baki a majalisa cewa na gyara sakacin da kurma ya bari, don na tarar da wata ɓula a ƙarshen kanal tana yoyo, na danna mata buhun yashi huɗu.

Liman Uba ya shigo da hantsi. Ya karanta Yasin, ya sunkuya ya kai bakinsa kunnen Datti yana laƙƙana masa kalmar shahada. Sai da ya maimaita sau uku sannan ya tuna da kurma yake magana. Ya ɗago a hankali, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Datti ko kallonsa bai yi ba. Ni yake kallo. Ya sake ɗaga hannuwan nan, ƙaho, fizga, shimfiɗa, wannan karon hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Bawan Allah nan yana da magana," in ji Liman. "Kuma ba na jin zai kai la'asar. Babu wanda ke jin hannunsa?"

"Akwai Iyatu," Fa'iza ta ce.

Iyatu tsohuwa ce daga rugar da ke hayin babban kanal, ita ke kawo mana nono. Tana da ɗa kurma, Baraka, wanda ya tafi kudu da shanu bana. Amma kwana bakwai da suka wuce shanun rugar sun hau gaɓar kanal da tsakar rana, suka rusa ta, suka faɗa tumatirin ƙanena Sammani, wanda saura mako a fara tsinka. Aka yi faɗa, aka fasa wa wani makiyayi kai. Mai unguwa ya ce kafin a yi zama kada ɗan ruga ya taka garin nan, ko nono kada a saya. A ranar kuwa babu wanda muryarsa ta fi tawa tashi.

"Ke kin san abin da kike faɗa?" na ce.

"Na sani. Ka zauna ka kalle shi ya tafi da ita a ciki, in za ka iya."

Ba zan iya ba. Na ɗauki makullin babur.

Na bi gaɓar kanal rana na dukan ƙeyata, ta cikin gonakin albasa da masara. Ina tsayawa a bakin ruga samari uku suka miƙe daga inuwar ɗorawa, kowa da sandarsa. Ɗaya na da rawanin bandeji a ka. Na yi sallama, babu wanda ya amsa da kyau.

Iyatu tana zaune tana kaɗa nono. Ta dube ni sama da ƙasa ba ta tsayar da hannunta ba.

"Malam Hashimu. Ai kun ce kada mu taka garinku. Ashe ku an yarje muku taka namu?"

"Inna, Datti ne."

Hannun ya tsaya.

"Yana kan gargara. Yana magana, ba mu ji."

"Ba ku ji," ta maimaita. "Shekara nawa kuna katanga ɗaya?"

Mai bandejin ya faɗi wani abu da Fulatanci da zafi, ta mayar masa da kalma biyu, ya ja da baya. Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗauki mayafinta, ta hau bayan babur tana bisimilla.

Labari ya riga mu zuwa. A kan gadar shiga gari muka tarar da Sammani da samari biyar, sun gitta benci a hanya. Ya riƙe kan babur ɗina da hannu biyu.

"Yaya, ka sauke ta."

"Matsa, Sammani."

"Wallahi ba za ta wuce ba. Kai ne ka ce a majalisa duk wanda ya sassauta musu munafuki ne. Ko ba kai ba ne?"

"Ni ne. Matsa."

"Tumatirina fa? Wata uku ina cikin taɓo! Yau ka goyo mini uwarsu a baya?"

Na ga ɗaya daga cikin yaran ya gyara riƙon gorarsa. Jinina ya hau, har na fara sauke ƙafa, don ni ma ba sanyi ne da ni ba. Sai na ji babur ya yi sauƙi. Iyatu ta sauka. Ta tako har gaban Sammani, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Ɗan nan," ta ce, "in duka ne, ga ni, ba gudu zan yi ba, ƙafar ma babu. Amma ka bari in dawo. Wanda zan je wurinsa ba zai jira ni ba, kai kuwa za ka iya."

Ta tattare zanenta ta tsallake bencin. Babu wanda ya ɗaga hannu. Na tura babur na bi ta, ina jin takun Sammani a bayanmu.

Abin da na gani a ɗakin nan har in mutu ba zan manta ba. Datti yana ganin Iyatu fuskarsa ta buɗe. Ta durƙusa inda haske ke faɗowa, hannuwansu suka fara tafiya, nata da sauri, nasa a gajiye amma ba tsayawa. Gira na magana, kumatu na magana. Har a wani wuri ta yi 'yar dariya tana share ido. Ashe maƙwabcina mai surutu ne. Ashe har ba'a yake yi. Shekara goma sha tara ina ɗaukarsa mutum mai shiru-shiru, na tsaya a jikin bango kamar baƙo a gidan biki.

Sai ya yi alamar nan. Ƙaho, fizga, shimfiɗa. Iyatu ta sa ya maimaita, ta yi masa tambaya, ya amsa. Ta juyo.

"Wa ya toshe ɓular da ke ƙarshen kanal?"

"Ni ne. Yoyo take yi."

"Ba yoyo ba ne. Shi ya huda ta." Ta koma tana kallon hannunsa tana faɗa mana. "Ya ce idan gonar ƙarshe ta ƙoshi, ragowar ruwan kamar kaurin hannu yake bi ta nan, ya gangara kwarin da ke bakin burtali. A nan shanu ke sha da rani. Shi da Baraka suka shirya haka, shekara goma sha shida ke nan. Ya ce tun daga lokacin kun taɓa ganin saniya a kan gaɓa?"

Ba mu taɓa gani ba. Mu muna cewa Allah ne ya haɗa mu da Fulani masu hankali, su kuma, kamar yadda ta gaya mini daga baya, sun ɗauka kwarin ne ke tsattsafo da kansa. Kurame biyu ne suka riƙe zaman lafiyar garin nan, masu kunne ba su da labari.

"Ya ce ranar da ka zo karɓar makulli ya gaya maka," Iyatu ta ci gaba. "Ka dafa kafaɗarsa, ka ɗaga masa babban yatsa, ka fita."

Na tuna. Wallahi na tuna. Na ɗauka godiya yake yi mini.

"To ai ruwanmu ne," Sammani ya ce daga bakin ƙofa, amma muryar ba irin ta kan gada ba ce. "Wa ya ba shi izini?"

Datti ya bi idanunmu ya gan shi. Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya nuna Sammani, ya dafa ƙirjinsa, ya yi wata alama sau biyu.

"Ya ce ya ga labarin tumatirinka a fuskar matar yayanka, kuma ya ga an daina kawo masa nono, ya gane. Ya ce laifinsa ne da ya kwanta bai samu wanda zai gaya wa ba. Ya ce ka yafe masa."

Sammani ya juya fuskarsa waje.

Na durƙusa kusa da tsohuwar. "Inna, ki ce masa zan buɗe. Gobe da sassafe, in sha Allahu."

Ta gaya masa. Ya girgiza kai. Ya kai hannu bakinsa yana buɗe yatsu yana rufewa, ya nuna ni.

"Me ya ce?"

"Sunanka ne a wurinsa. Mai baki." Ba ta yi dariya ba. "Ya ce yau ranar ruwanku ce, gobe kanal a bushe yake sai bayan kwana uku. Shanu ba za su kai ba, za su sake hawowa, kuma wannan karon sai an rasa rai. Ya ce yanzu."

Na fita da gudu. Ina tayar da babur na ji wani ya hau baya, ban waiwaya ba, na san numfashin ƙanena. Muka nufi ƙarshen kanal. Na tsunduma ruwa ya kai mini cinya. Buhunan sun jiƙe sun kama laka, na farko ya ƙi motsi, na yi ta tonon gefensa da farce ina zagin kaina da na danna su da kyau haka. Sammani ya tsaya a gaɓa yana kallona. Can ya tuɓe takalmi ya shigo. Muka ciccibi na farko, na biyu, na uku. Na huɗun ya yage a hannunmu, yashi ya watse. Na zura hannu har kafaɗa na kwashe abin da ya rage, sai na ji ruwan yana jan yatsuna. Ya fita ta ɗaya gefen, ja da farko, sannan ya washe, ya kama tsohuwar hanyarsa cikin ciyawa.

"Je ka," Sammani ya ce. "Ni zan bi shi in ga ya isa."

Na tarar da mutane sun ƙaru a ƙofar gidan Datti. Liman Uba ya tare ni a zaure.

"Yana nan. Ya yi shahada, tsohuwar ta nuna masa, ya ɗaga yatsa da kansa. Yi sauri."

Idanunsa a buɗe suke amma ba sa bin kowa. Na ce, "Inna, gaya masa. Gaya masa an buɗe."

Ta ɗaga hannu gaban fuskarsa, ta yi alamar, ta sake yi. Ta sauke.

"Ya daina gani, Malam Hashimu."

Na tsaya ruwa na ɗiga daga wandona a kan tabarmarsa. Ba kunne, ba ido. Duk maganar da na tara a duniya babu wadda za ta shiga wurinsa. Na ji kuka ya taso mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu.

Sai Fa'iza ta ce a hankali, "Malam, hannunka."

Na duba. Laka ce har gwiwar hannu, ba ta bushe ba. Na durƙusa, na ɗauki hannun damansa na kifa nawa a ciki. Da farko babu komai. Can yatsunsa suka motsa. Ya shafo lakar, ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuni, a hankali, yadda manomi ke gwada ko ƙasa ta sha. Ya sake murzawa. Ƙirjinsa ya sauka da wani dogon numfashi, ya matse yatsuna sau ɗaya.

Liman ya fara salati ƙasa-ƙasa. Iyatu ta miƙa hannu ta shafe masa ido, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ni ban zare hannuna ba. Muna nan a haka har lakar ta bushe, ta fara tsagewa a bayan hannuna da nasa.