Fuskar Sufeto Denholm

Duk layin an san ba a ƙwanƙwasa wa Ida Cammish ƙofa ran Litinin da bakwai saura kwata. Ko gobara ce, sai ta jira Sufeto Denholm ya gama kama ɓarayinsa a rediyo.

Ba ɓarayin ne suka dame ta ba. Muryar Sufeton sak ta mijinta Wilf ce, wanda jirginsu ya nutse lokacin yaƙi, kuma bam ɗin da ya faɗa gidansu a garin Hull bai bar mata hotonsa ko ɗaya ba. Da Sufeto ya buɗe baki sai fuskar Wilf ta dawo mata, har da fanka-fankan kunnuwan nan nasa. Sauran kwanakin mako kuwa, duk iya ƙoƙarinta, fuskar ba ta haɗuwa.

Ana nan sai aka mai da shirin fim. Ƙanwarta Olive, wadda ba ta jin a'a, ta faɗo da tikiti biyu.

"Ni ba inda za ni," in ji Ida.

"Haba Yaya! Shekara huɗu kina soyayya da akwati, yau ga mutum a fili ki ce ba kya so? Ko kunyar ango kike ji?"

"Allah ya shirye ki. Zan je, amma ido rufe."

Haka kuwa aka yi. Ta zauna a silima da sabuwar hularta, ido a runtse kamar mai jiran allura, Olive na ɗura mata alewa da sharhi. Muryar dai ita ce, ga Wilf a gabanta, har ta saki jiki.

Can Sufeto ya shiga wani sito a bakin teku. Kiɗa ya tsaya cak. Olive ta damƙe mata hannu.

"Wayyo Yaya, ga wani da wuƙa a bayansa!"

"Wilf, waiwaya!" Ida ta kurma ihu, ido buɗe tar.

Silima ta kwashe da dariya. Sufeton da ya waiwayo a fim ɗin wani dogo ne mai gashin baki, kai ya sha mai, kyakkyawa ba laifi. Ita ma ta yi dariyar, har a bas Olive na ta kwaikwayonta.

Ran Litinin ta haɗa shayi, ta kunna rediyo, ta lumshe ido. Sufeto ya yi magana, sai ga mai gashin baki. Ta buɗe ido, ta sake rufewa da ƙarfi. Shi ɗin ne dai. Tsoro ya kama ta sosai.

Tana zaune tana jira har shirin ya ƙare, Wilf bai zo ba.