Zaman Baya da Baya

Su goma sha huɗu ne a sashen wanki na otel ɗin, yarukansu biyar. Ɗakin yana ƙarƙashin bene, babu taga, injina shida suna ruri tun safe har a tashi. Bayan wata rigima a kan kwandon zannuwan gado, wadda ta kai har ga cin kwala, Manaja ya ɗauko wata malama daga waje. Kowace Laraba sai a kashe injina na awa ɗaya, a jera kujerun roba a zagaye, ta koya musu fahimtar juna.

Baba Mai Guga, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ce shi da furfurarsa ba za a sa shi wasan yara ba. Amma ya zauna. A makon farko kowa ya koya wa sauran gaisuwar garinsu, Dogo direban motar kaya yana murɗe ta kowa, ana dariya.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. 'Yar Tsallake suke ce mata, don daga ƙasa mai nisa ta zo. Shekararta huɗu a kan babban injin busarwa. In an gaishe ta ta baya ba ta amsawa, in kuma ana yi mata magana sai ta kafe mutum da ido kamar mai neman faɗa. Matan suka ce girman kai ne. Malama ta kwaɓe su, ta ce kowace al'umma da nata ladabin, wataƙila a wajen mutanensu haka ake. Kowa ya gyaɗa kai.

A mako na huɗu aka haɗa su biyu-biyu, a zauna baya da baya, ɗaya ya kwatanta gidan da ya tashi, ɗayan ya zana. Baba ya faɗa hannun 'Yar Tsallake. Ya fara da ƙyar, sai kuma bakinsa ya buɗe: ƙofar katako, rijiya a hagu, ɗakin mahaifiyarsa da tagar da ba ta rufuwa. Rabon da ya yi wa wani wannan zancen ya fi shekara talatin. Da aka ce a juyo, ya tarar da takardarta fara fat.

Ransa ya ɓaci. Yana shirin magana Dogo ya ture tiren ƙarfe a bayanta. Kowa ya zabura, ban da ita. Baba ya dube ta, ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, ya gaishe ta. Hannun kawai ta bi da kallo.

Da aka watse ta same shi a teburin guga, ta riƙe hannun rigarsa.

"Baba, ka rufa mini asiri. Kunne ɗaya ya mutu, ɗayan yana binsa. Bakin mutane nake kallo. In suka sani za su sallame ni, kuma yara biyu gare ni."

Ya yi mata alkawari.

Laraba ta zagayo, Malama ta ce kowa ya faɗi abin da ya koya game da abokin zamansa. Manaja ma ya sauko ganin yadda abin ke tafiya, ya tsaya a bakin ƙofa. Wata mai ninke tawul ta karɓe zancen, ta ce ita dai ta koyi cewa akwai masu ganin sun fi ƙarfin amsa gaisuwa, su mayar da dattijo mahaukaci yana ta surutu shi kaɗai. Aka yi 'yar dariya. Baba ya miƙe tsaye.

"Ba girman kai ba ne, ba kuma al'adarsu ba ce," in ji shi. "Baiwar Allah ba ta ji. Injinan nan ne suka cinye mata kunne."

'Yar Tsallake tana zaune tana fuskantarsa, ta karanta duk abin da ya faɗa a bakinsa.

Bayan kwana biyu aka tura ta wajen likita. Mako bai cika ba takarda ta fito: wanda ba ya jin ƙararrawar gargaɗi ba zai tsaya kusa da inji ba, kuma babu wani gurbin. Malama ta hau ofis sau biyu don ta roƙa mata, ta sauko babu labari. Mai ninke tawul, wadda ta fi kowa cin naman matar, ita ta fi kowa kuka ranar da take kwashe kayanta. Baba ya tsaya a gaban 'Yar Tsallake ya roƙi gafara. Ta sunkuyar da kai, ta ɗauki jakarta ta hau matakala.

A gida matar Baba ta ce don alheri ya yi, ya daina cin ransa. Ya ce magana zarar bunu ce, ya tura kwanon abinci gefe.

Ran Lahadi Dogo ya kwatanta masa unguwar su 'Yar Tsallake. Baba ya shiga mota biyu kafin ya kai, ya hau bene har hawa na uku, ya ƙwanƙwasa. Maƙwabciya ce ta leƙo, ta ce sun tashi tun shekaranjiya, sun koma wajen wani ɗan'uwa a wani gari, ba ta san sunan garin ba. Baba ya ɗan jima a tsaye a wurin, sannan ya sauko a hankali, yana dafa bango saboda gwiwarsa.