Labarin da Bai Dawo Shago Ba

Rediyo ake kiransa a layin, alhali aski yake yi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk maganar da aka yi a unguwa, kafin kwana uku sai ta iso shagonsa, ya yi mata gyaran fuska, ta fita ta fi yadda ta shigo kyau. Abu ɗaya ne bai taɓa watsawa ba. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya kurɓi giya daga 'yar kwalbar da ke bayan gwangwanin hoda, ya bi da kanumfari. In bai sha ba hannunsa rawa yake yi, kuma ya san ranar da aka ji wannan, babu mai sake miƙa wa rezarsa wuya.

Wata Talata, Baba Direba, tsohon direban tanka da ya shekara tara yana aski a wurinsa, ya tashi daga kujera ya kakkaɓe riga, ya tura wata 'yar takarda ƙarƙashin burushi, ya fita. An rubuta: zaman masu son rabuwa da giya, Alhamis ƙarfe huɗu, ɗakin da ke saman shagon buga takardu.

Rediyo ya karanta ta har sau biyu. Wa ya gaya wa tsohon? Ko matar shi Rediyon ce? Ƙanenta mai idon ɗan kwastan? Ko mai askin tsallaken titi ne ya haɗa masa tarko, don a gan shi yana hawa benen? Ya tsorata ƙwarai, amma ya gaji da kwalbar nan fiye da yadda ya tsorata.

Ranar Alhamis ya jawo hula har gira, ya wuce ƙofar sau uku, ya tsaya ya tambayi yadda ake buga kati kamar mai shirin biki, sannan ya sulale ya hau. Kujerun roba ne a zagaye, da fanka mai kuka, da fulas ɗin shayi. Mutum bakwai, ga Baba Direba a cikinsu ya miƙe ƙafa. Shekara tara Rediyo yana riƙe da kan nan a hannunsa, bai san abin da ke ciki ba. Abin har ya ɓata masa rai.

"Ƙa'idarmu ɗaya ce," in ji wani siriri mai tabarau da ke jan zaman. "Abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana."

Rediyo ya yi dariya a ciki. Shi za a gaya wa? Mugu shi ya san makwantar mugu. Da aka zo kansa sai ya ɗana musu nasa tarkon. Ya ce ya taɓa buguwa ya faɗa kwata a ƙofar gidan surukinsa, surukin ya jawo shi ta ƙafa, takalmi ɗaya ya tafi ke nan. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ya zuba mata gishiri yadda babu bakin da zai iya riƙe ta. In ta dawo shago, ya san irin ɗakin da ya shiga.

Ya baza kunne. Juma'a shiru, Asabar shiru. Ran Lahadi bencin shago ya cika, har ya tsokana da kansa: "Wai garin nan babu labari ne?" Aka ba shi na mai wanki da ya ƙona rigar ango. Talata Baba Direba ya zo, ya kwantar da kai, ya yi ta mitar ramukan hanya har aka gama masa gemu. Ko ƙifta ido bai yi masa ba.

Alhamis ta zagayo, Rediyo ya hau benen ba hula. Da aka zo kansa, sai ya gyara zama.

"Na wancan makon ƙarya na yi muku," ya ce. "Gwada ku na yi."

"Mun ɗan yi zargi," in ji mai tabarau. "Ta cika daɗi."

Aka yi dariya, ban da Rediyo. Ya dubi hannunsa, ya faɗi ta gaskiyar: kwalbar bayan hoda, da kanumfarin, da cewa bai taɓa ɗora reza a wuyan mutum da safe ba sai da giya a cikinsa. Sannan ya juya ga tsohon, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, har da kai. Ka yafe mini. Amma don Allah wa ya gaya maka?"

"Hancina," in ji Baba Direba. "Shekara ashirin na yi ina tauna kanumfarin nan, ɗana. Tun bara nake jin abin da ke ƙarƙashinsa."

"Tun bara? Kuma kake miƙo mini wuyanka duk Talata?"

Tsohon ya shafa gemunsa, inda wani ɗan tabon reza bai gama ɓacewa ba.

"Ai da tsoro nake miƙowa," ya ce. "To amma in na koma tsallaken titi, wa zai ajiye maka takardar?"