Goyon Hayaƙi

Ran Litinin, saura mako biyu a yi hutun ƙarshen shekara, Salma ta shigo gida tana jan kwalin talabijin da ya fi ta faɗi. Uwarta Murjanatu tana tsugune a bakin murhu tana juya itacen turaren wuta cikin narkakken sukari, sana'ar da duk lungunsu a unguwar Gangare ta Jos aka san ta da ita. Sai da yarinyar ta sha fama kafin maganar ta fito, domin tana da i'ina, kuma murna ƙara mata take yi. An ba ta kan jirgin ƙasa a wasan makaranta. Za a yi wasan kwaikwayo kan zamanin haƙar kuza, yara shida za su shiga kwalaye su zama taragai, ita ce a gaba. Ba ta da magana ko ɗaya a wasan. Tafiya kawai za ta yi, hayaƙi na tashi ta bututun da ke bayanta.

Murjanatu ta tambayi inda hayaƙin zai fito. Salma ta ce gwangwanin madara ake zuba wa garwashi, a ɗora ɗanyen ganye, a rataya a cikin kwalin. Haka aka yi bara.

Uwar ta sauke tukunya. Shekararta ashirin da biyar, amma ta fi shekara goma tana hulɗa da garwashi, ta san yadda yake kwanciya cikin toka kamar ya mutu, ta san tartsatsinsa ba ya sallama. Ga kwali, ga rigar makaranta mai roba-roba, ga yarinya 'yar shekara bakwai wadda in zafi ya taɓa ta, kafin ta iya faɗa an gama.

Washegari ta saka hijabi ta raka ta makarantar, can Kwararafa. Malamar ajin, Madam Bernadette, ta saurari ƙorafinta kan garwashin har ƙarshe. Ta ce da gangan ta zaɓi Salma: shekara uku yarinyar na makarantar ba ta taɓa hawa dandamali ba, kullum tana cikin masu tafi. Amma jirgin da ba hayaƙi kwali ne kawai yake yawo. In har Alhamis ta mako mai zuwa, ranar gwajin ƙarshe, ba a sami wata hanya ba, akwai yaron da ubansa ya yarda da garwashin, shi za a ba. Ta ƙara da cewa ko da wane irin hayaƙi ne sai ta sanar da iyaye kafin a fara.

"Kin san garin nan, Maman Salma," in ji ta. "Tun rikicin da ya faru, ba wanda ke ganin hayaƙi ya zauna."

Mijinta Muktar, wanda ke jan bas daga Titin Bauchi, cewa ya yi a bar musu jirginsu mana, ai tafi ma aiki ne. Salma 'yar fari ce, ko sunanta uwar ba ta kamawa, sai "ke" ko "yarinyar nan", balle ta tsaya gaban miji tana yi mata yaƙi. Amma ta ga yadda yarinyar ta kwana da kwalin a gefen katifa.

Dabarar a wurin guga ta zo. Sanyin Jos ba ya jiran lokacinsa, ko da damina kullum sai ta shafa wa Salma gilisarin a ƙafa don kada ta yi kaushi. Ran Laraba da safe aka kawo wuta, ta yi sauri ta jona dutsen guga, hannunta da sauran maiƙo, ta ɗan taɓa ƙasan dutsen ta ji ko ya yi zafi. Wani farin hayaƙi ya tashi. Ta tsaya. Ta ɗauko kwalbar ta ɗiga ɗigo biyu da gangan. Hayaƙi ya murɗa sama, fari tas, ba harshen wuta, ba toka.

Da kwalbar a jaka ta je shagon Oga Livinus, mai gyaran rediyo da fitila a Kwararafa, wanda matarsa ke sayen turare a wurinta. Ya saurara yana susar gemu da sukudireba.

"Wato Hajiya, kina so hayaƙi ya zo, amma wuta kar ya biyo shi. Wannan ko a coci ba mu gani ba."

Duk da haka abin ya kama shi. Ya zaro siririyar waya daga wata matacciyar hita, ya naɗa ta a jikin lagwanin risho, suka jiƙa lagwanin da gilisarin. Ya ciro batirin fitila mai caji. Gwajin farko wayar ta yi gajarta, ta yi ja wur, lagwanin ya ƙone. Ya ƙara mata tsawo, ya ce doguwar waya ba ta saurin fushi. A karo na uku ta yi ɗumi kawai, hayaƙi ya taru a gwangwanin da suka saka lagwanin ya ƙi fita, sai da ya liƙa wata ƙaramar fanka ta tsohuwar kwamfuta ta riƙa tura shi cikin tiyo. Murjanatu ce ta ƙi makunni irin na fitila. Ta ce yaro na iya kunnawa ya manta. Ta nuna maɓallin ƙararrawar ƙofa a cikin tarkacensa, wanda sai an danne yake aiki, da an ɗaga yatsa ya mutu. Livinus ya dube ta, ya ce in turare ya daina ciniki akwai kujera a shagonsa.

A gida ne ta ji abin da hayaniyar titi ta ɓoye mata. Hayaƙin yana da wani ƙauri-ƙauri, kamar sukarin da ya kama a gindin tukunya. A wurinta hayaƙin da zai ratsa taron mutane ba ƙamshi abin kunya ne. Iyaye za su cika ɗakin taro, a ce ga 'yar mai turare tana tafe tana ƙauri. Ba ta ma ɗauke shi shawara ba. Ta buɗe kwalbar humra, ta cika murfi, ta juye a kan lagwanin, yadda take yi wa duk abin da zai fita daga gidanta.

Abu ɗaya ya yi mata rana: ba ta taɓa ba wa yarinyar abin da ba ta fara gwadawa a jikinta ba, ko kunu ne. Ta ɗora kayan a bayanta ta ɗaure da zani irin ɗaurin goyo, ta danna. Da farko ƙamshi ya cika tsakar gidan har ta yi murmushi. Sai ta ji fuf a bayan kunnenta, wuta ta kama. Ta fizge bakin zanin, ta jefa komai cikin bahon wanki. Rigarta ta huje, a ƙasan kafaɗa fata ta saɓule kamar faɗin murfin kwalba.

Da ta juyo, Salma na tsaye a ƙofar ɗaki. Yarinyar ta daɗe tana kokawa da maganar.

"Mama, a b-bar shi. Zan yi tafi."

Wannan ya fi ƙunar zafi. Murjanatu ta zauna a kan turmi tana shafa zuma a wurin, tana tunanin yadda ta je har makaranta ta hana wutar wasu, ta dawo ta kunna tata da hannunta. Da a bayan yarinyar ne fa, cikin kwali? Ta kusa cewa to. Abin da ya hana ta shi ne saurin da yarinyar ta yi wajen haƙura, kamar wadda da ma ta san ba nata ba ne.

Livinus ya fara dariya da ya ji labarin, ya ce jirgi ne fa Hajiya, ba amarya ba. Da ya ga yadda take zaune a karkace sai dariyar ta tsaya. Ya ce abin da ke sa turare tashi ɗan uwan fetur ne, kuma shi hannunsa ya fita, ba zai ɗora wannan a bayan 'yar mutane ba. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ajiye masa gwangwani biyu, babba da ƙarami, da ƙullin rairayi. Ta ce a saka ƙaramin cikin babban a cike tsakaninsu da rairayi, yadda ake yi wa kaskon turare don kada gindinsa ya ƙona shimfiɗa. Gilisarin da ɗan ruwa kawai, ko ɗigon wani abu ba za ta ƙara ba. Ya juya gwangwanayen a hannu, ya yi tsaki, ya jawo kujerarsa. Shi kuma ya ƙara ɗan fis wanda zai yanke in wayar ta wuce gona da iri.

Safiya uku ta yi tana goyon abin. Ta ɗora shi daidai kan ciwon, ƙyalle ɗaya tsakani, domin lafiyayyar fata tana yafe ɗumi, mai ciwo kuwa ba ta ɓoye komai. Da shi ta yi shara, ta sunkuya ta yi wanke-wanke, ta yi tsalle, ta kwanta a gefe kamar wadda ta faɗi. Ta gano numfashi biyar ana dannawa ya isa hayaƙi, numfashi goma ana hutawa. Ta danne har hamsin don ta ga ƙarshensa, gwangwanin ya yi ɗumin kofin shayi ya tsaya nan. Maƙwabciyarta Adama ta leƙo ta katanga ta ce barka, yaushe aka sauka ba a ji guɗa ba, ga jaririn har ya fara busa taba. Salma ta yi dariya daga bakin ɗaki. A safiya ta uku ita ta matso da kanta ta ce a ba ta maɓallin ta danna.

Ran Alhamis Murjanatu ta isa makarantar da jiƙaƙƙen tawul a leda. Ta ƙi igiyar da Madam Bernadette ta kawo don ɗaure kayan. Ta sa Salma ta sunkuya, ta ɗora mata kayan, ta ja zani ta soke bakinsa a ƙirji, ta nuna mata inda za ta fizga ya zube gaba ɗaya in ta ji ko da ɗumi ne. Aka zura mata kwali, aka fito da tiyon ta bututu. Malamar ta ce iyaye sai bayan layin alli. Murjanatu ta koma bayan layin, yatsun ƙafarta a kansa.

Aka kaɗa ganga. Jirgi ya motsa, taragai biyar na tuntuɓe a baya, bututu shiru. Jirgin ya wuce rabin ɗakin ba komai. Murjanatu ta ga kan yarinyar ya juyo yana nemanta, sai ta kawar da ido ta dubi bututun. Can wani farin zare ya leƙo, ya yi kauri, ya tashi har kusa da silin. Yaran baya suka ɗauki ihu. Leɓen uwar na ƙirga numfashi, a na biyar hayaƙin ya yanke, yarinyar ta saki maɓallin da kanta.

Da suka zagayo ta tsallake layin, ta zura hannu ta wuyan rigar yarinyar har tsakiyar baya. Gumi ne kawai, shi ma mai sanyi. Madam Bernadette na tafa hannu tana cewa a sake daga farko, kan jirgi ya koma wurinsa.

Murjanatu ta zare hannunta, ta gyara sokin zanin.

"Ke, je ki. Suna jiranki."