Tsohuwar Wayar Mai Agogo

Shekara da shekaru ke nan da Mai Agogo ya rufe shagonsa, amma sunan ya ƙi sakinsa. In aka tambaye shi wa ya kashe masa kasuwa, ba ya wahalar da kansa, sai ya zaro 'yar wayarsa daga aljihu ya ɗaga ta sama kamar an kama ɓarawo. "Ga ta nan," in ji shi. "Ita ta cinye agogo, ta cinye tocila, ta cinye rediyo, ta haɗa da kalanda, ko gyatsa ba ta yi ba." Sai kuma ya goge ta da bakin riga ya mayar da ita aljihu a hankali. Ƙiyayyar tasa iyakarta baki.

Wayar irin ta da ce, mai madannai, wadda yara ke yi wa tsiya suna kiranta rakani-kashi. An ɗaure bayanta da roba, lambobin kuma sun goge tas saboda dannawa. Ta taɓa faɗawa bokiti, aka shanya ta a kan katanga, ta tashi garau. In ta sha caji sau ɗaya, sai mutum ya manta inda ya ajiye cajar.

A 'yan watannin nan ta fi masa komai amfani, domin idonsa ya soma tafiya. Hanya kam yana gani, bai taɓa karo da ƙofa ba. Amma duk abin da ya zuba wa ido sai tsakiyarsa ta zama hayaƙi, ko rubutu ne, ko fuskar mutum. Ƙanwarsa, wadda kowa a gidan ke kira Goggo, ita ta raka shi asibiti. Likita ya ce ana iya rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Tun a hanyar dawowa ya sa Goggo ta yi masa alkawari Auta ba za ta ji ba.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai ta rage a gabansa. An taɓa ba ta gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa mai nisa, har ta haɗa kaya, sai ciwon mahaifiyarta ya tashi. Ta kwance kayan ba tare da ta yi shawara da kowa ba, ta zauna jinya har ranar da aka fitar da gawar. Yanzu ga shi Allah ya sake buɗe mata ƙofar, tafiya ƙarshen mako. Mai Agogo ya san 'yarsa kamar yunwar cikinsa. In ta ji labarin idon nan, akwatin zai koma ƙarƙashin gado, kuma ba a cika ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa sau uku ba.

Shi ya sa ya zama gwanin dabara. Jarida ya ce ya daina karantawa don duk ƙarya ce. Shayi yana zubawa da kunne, yana jin sautin kofi ya canja sai ya tsaya. Wayar kuwa babban yatsansa ya haddace ta, yana kiran wanda ya so ba tare da ya kalle ta ba. Yana ta murna ya kusa tsallake siraɗi.

Ran nan da hantsi yana zaune a falo kusa da taga, sai ga Auta da ɗan kwali a hannu, muryarta cike da fara'a.

"Baba, ga tsarabarka tun kafin in tafi."

Ya laluba cikin kwalin, ya ji wani abu mai faɗi, mai santsi da sanyi, babu ko madanni ɗaya a fuskarsa.

"Irin ta shafawa ce," in ji ta. "Kullum zan kira ka da bidiyo, ka gan ni in gan ka. In nuna maka ɗakina, da makarantar, da komai. Kawo tsohuwar in cire layin. Wannan baiwar Allah ai ta yi bauta, a bar ta ta huta."

Me zai ce? Ya miƙa. Ya ji ƙarar robar da aka cire, ya ji an ja aljihun tebur an rufe. Ya yi ta sa mata albarka, kuma har zuciyarsa yake yi, domin ya san ta daɗe tana ƙulla wannan kyautar a ranta.

Da ta fita sallama da ƙawayenta, ya ƙwala wa Goggo kira. Goggo ta zo tana share hannu da gefen zane, ta kira shi daga tata wayar don gwaji. Sabuwar ta ɗauki kuka a tafin hannunsa. Ya shafa nan, ya shafa can, ya katse kiran. Aka sake, ya kunna fitila. Aka sake, ya ɗauki hoton ƙafarsa.

"Yaya, ka faɗa mata kawai," in ji Goggo. "Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Ke dai koya min. Abin da babba ya hango..."

"Wane hange? Kai da kake gaishe da labule jiya."

Ya so ya yi fushi, dariya ta hana shi. Haka suka yi ta fama, ta riƙe masa yatsa tana ɗora shi ƙasa-ƙasa tana ja, har hannun ya soma ganewa. Kafin la'asar yana iya ɗaukar kira sau da yawa, in bai firgita ba.

Washegari Auta ta ce a gwada bidiyon. "Zauna nan, Baba. Zan shiga kicin in kira ka, kamar na riga na tafi."

Wayar ta yi kuka. Ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa inda aka koya masa, ya ja. Ta ɗauku. Daɗi ya kama shi har ya gyara zama.

"Baba, kana ganina?"

Ya ƙura wa gilashin ido. Haske ne kawai da wani duhu-duhu a tsakiya. "Sosai ma," in ji shi. "Ga Autata nan, sai murmushi take yi. Kin yi kyau."

Shiru. Ya ɗauka layi ne ya yanke, har ya ce, "Kina jina?" Sai ya ji takun silifas ɗinta, a hankali, ba irin takun da ta fita da shi ba. Ta tsaya a gabansa.

"Baba, kuskure na yi, kyamarar baya na kunna. Bokitin shara take nunawa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya buɗe baki zai kawo zancen tabarau, ya ji ƙaryar ta yi masa nauyi, ya rufe. Goggo ce, daga bakin ƙofa, ta zayyane komai, har da abin da likita ya ce. Auta ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ɗakinta ta shige, can ya jiyo ƙarar zif ɗin akwati, sannan ƙarar ƙofar kwaba tana buɗewa. Irin wannan sautin ya taɓa ji, shekarun baya, kuma bai manta da shi ba.

Ya tashi ya je ya ja aljihun tebur, ya ɗauko tsohuwar wayar. Goggo ta ciro masa layin daga sabuwar, shi kuwa ya mayar da shi mazauninsa da kansa, ya sa batir, ya naɗe robar. Ya shiga ɗakin Auta ya zauna a bakin gado, kan tulin kayan da take fitarwa.

"Ba inda za ni," in ji ta, tun kafin ya yi magana.

"Ban ce komai ba. Kawo hannunki."

Ya kama babban yatsanta ya ɗora a tsakiyar madannan. "Rufe ido. Me kika ji?"

"Wani ɗan tudu."

"Lamba biyar ke nan. Kowace irin wannan wayar tana da shi. In kika sami biyar, kin sami sauran, biyu na samanta, takwas na ƙasanta. Na daɗe da ita a aljihu ban san amfaninsa ba, sai bana. Wanda ya ƙera ta bai san ni ba, amma ya tuna da irina. To danna ki riƙe."

Ta danna ta riƙe. Wayarta da ke kan matashi ta soma kuka.

"Ke ce a biyar," in ji shi. "Ɗauka."

"Baba, ga ni a gabanka."

"Ɗauka dai. Maganar da zan yi, ba zan iya yin ta ido da ido ba, ko da idon ba ya aiki."

Ta ɗauka. Ya kara tasa a kunne, ya juya mata baya kaɗan, kamar mai magana da wani gari.

"Auta, ina jin tsoro. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Goggonki. Ina tsoron ranar da zan farka in tarar babu ko hanyar. Kuma in kin tafi zan yi kewarki, irin wadda ban san yadda zan yi da ita ba." Ya gyara riƙon wayar. "Amma idon nan zai tafi, ko kin zauna ko ba ki zauna ba. In kika zauna, abu biyu na rasa. Na kalle ki kin kwance kaya sau ɗaya, na yi shiru don ina bukatarki. Har yau abin yana cina. Kada ki sa in ɗauki na biyu."

Ya ji numfashinta ta waya da kuma ta bayansa a lokaci guda. Sannan kukan ya zo, ta kifa goshi a kafaɗarsa, wayar na maƙale a kunnenta.

Da ta lafa, ta ce, "Na ɗauka fushi kake da ni don zan tafi. Wata da watanni, in ina maka magana sai ka kau da kai."

"Kau da kai?" Ya yi 'yar dariya. "Ai tsakiyar ce ta mutu, gefe yana nan. In na fuskance ki, ba ke. Sai na kalli bango nake samun ki ta wutsiyar ido."

Ba ta yarda nan take ba, mahaifiyarta ta gado wajen taurin kai. Sai da ta kafa sharuɗɗa: Goggo za ta dawo ɗakin da ke kusa da nasa, yayan Auta zai riƙa kai shi asibiti, kuma ba sauran ɓoye-ɓoye. Sabuwar wayar aka ba Goggo, wadda ta karɓa tana cewa da ma ita ta sha wahalar koyarwa. Shi da Auta suka mayar da kayan cikin akwati, yana ninkewa tana jerawa.

Ranar tafiya da safe tasi ya tsaya a ƙofar gida. Aka sa akwati a but, Goggo na ta addu'a tana jan hanci. Auta ta durƙusa, ya dafa kanta ya sa mata albarka, ta shiga mota ta sauke gilashi. Mai Agogo ya tsaya a bakin hanya, ya juyar da fuskarsa can wajen katangar maƙwabta, ya tsaya cak. Ga ɗankwalinta, ga zagayen fuskarta, ga hannunta a kan ƙofar mota.

Mai tasi ya tada injin. Ya yi ƙasa da murya, amma kunnen tsohon ya fi ƙarfinsa.

"Baban nan naki akwai dauriya. Ko kallonki ba ya yi."

"Ɗan jira kaɗan, direba," in ji Auta. "Kallona yake yi."