Hoton Bana

Malama ta sauka daga bas a ƙofar asibiti da maganar jiya maƙale a wuyanta kamar ƙayar kifi. A layin kantin magani ta ji ta, daga bakin wata mai kitso: wai ƙungiyar masu ciwon jinin nan, talasemiya, idan taronta na neman taimako ya matso, sai ta sa a hana yara ƙarin jini, don su fito a hoto fari fat kamar an tono su daga kabari, masu hannu da shuni su gani su buɗe bakin jaka. Malama ta ƙaryata ta a gaban jama'a. Amma shekarun da ta kwashe a gaban allo sun koya mata cewa mai ƙaryatawa bai bincika ba da mai gaskatawa bai bincika ba, duk kanwar ja ce. Ga shi kuma jikarta, takwararta, ranar ƙarin jininta ta wuce tuni, kullum aka tambayi uwar sai ta ce an ɗaga.

Ciwon ba baƙon Malama ba ne. Ɗanta na fari da shi ya zo duniya, zamanin da ko sunansa ba a sani ba a unguwa. Wasu suka ce mayu ne, wasu suka ce sikila ce, wani likita ya ce ta dage da ba shi hanta da ganye. Ita ta yi ta tonon littattafai har ta gano jikinsa ne ba ya iya yin jini mai kyau, kuma gado ne da sai uwa da uba sun haɗu suke bayarwa. Aka yi ta ƙara masa jinin mutane yana farfaɗowa, ba wanda ya gaya mata kowace leda tana barin ƙarfe a jiki. Ƙarfen ya taru a zuciyarsa ya tsayar da ita tun gemu bai fito masa ba. Sai bayan an rufe shi aka kawo famfon allura, ɗan akwatin da ke tura magani ƙarƙashin fata daga kwanciya zuwa wayewar gari, yana wanke ƙarfen. Daga baya aka zo da ƙwaya, wadda ake korawa da ruwa a wuce wurin, ga wanda aljihunsa ya kai. Ƙungiyar kuwa iyaye irinta ne suka kafa ta, suna bin ofis-ofis ana yi musu kallon mabarata. Shi ya sa maganar mai kitso ta sosa mata inda yake ciwo.

Ta hau bene tana dafa bango. Ɗakin ƙarin jini fayau, gadaje a gyare, ƙarafan rataya leda sun jeru a lungu ba aiki.

“Lale da tsohuwa mai ran ƙarfe!” in ji Sista mai kula da ɗakin.

“Ki daina ambaton ƙarfe a ɗakin nan. Wa ya ɗaga wa takwarata ranarta?”

“Ɗagawa? Mu?” Sista ta ja ƙofar firji. Ledojin jini sun yi sahu, jawur har da baƙi-baƙi. “Ga nata can, ya kusa lalacewa. Na buga wa uwarta waya har yatsana ya gaji. Duk shekara warhaka haka nake wuni ina korar ƙuda. Anjima kuma ki ga ana shigo mini da su a kafaɗa.”

“Ƙungiya ce ke hana su zuwa?”

Sista ta mayar da ƙofar a hankali. “Ni aikina neman jijiya. Yau ake zaɓen hoto. Sauka ƙasa, idonki ya fi bakina.”

Ofishin ƙungiyar yana ƙarshen wata doguwar baranda. Benci biyu sun cika da iyaye mata, kowace da nata a gefe ko a cinya, ba mai yi wa wata magana. A bango hotunan shekarun baya ne jere, manyan idanu a kan ƙananan wuya. Malama ta san wasu daga ciki. Ta je ta'aziyyar wasu.

Shugabar ƙungiya ta miƙe da fara'a, turarenta ya riga ta isowa. “Malama, ke ce da kanki? Ai da aikowa kika yi.”

“Maganar ba ta aike ba ce. An ce kuna hana yara jini don hoto.”

“Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban taɓa ba. Ki tambayi duk wadda kika so a waje.” Ba ta kau da ido ba, Malama kuwa ta san idon maƙaryaci, ta yi shekaru tana kallonsa a aji. “Yaro ɗaya muke sawa a allon talla duk shekara. Kamfanin da ke biyan allon shi ke ɗaukar nauyin ƙwayar yaron har shekara ta zagayo. Sauran kuma famfo, daga abin da aka tara.”

“Wa ke zaɓa?”

“Mai hoto. Shi ya san abin da ke taɓa zuciya. Akwai shekarar da na nace aka sa wata mai kumatu, tana dariya da jakar makaranta, don a ga magani yana aiki. Baƙi suka ci suka sha, suka yi tafi, suka ce ai yaran nan sun warke. Shekarar nan ko maganin famfo bai ishe mu ba.”

“Kin leƙa barandar nan kin ga fuskokinsu?”

“Ban ce wa kowa ya yi komai ba.”

“Kin ce kada su yi?”

Shugaba ta duba agogon hannunta. “Malama, ki yi haƙuri, ina jiran baƙi.”

A can ƙarshen benci Malama ta sami jikarta da uwar. Surukarta ta zame ta durƙusa. Takwara kuwa ta jingina kai da bango, leɓɓanta kamar an shafa toka, farin idonta ya koma ruwan ƙwai, jijiyar wuyanta tana harbawa har ana gani daga nesa.

“Tashi,” in ji Malama. “Wa ya ɗaga ranar?”

“Ni ce, Mama.”

“Kin san abin da ke samun zuciya idan jini ya yi ƙasa haka? Kin san ina da kabari a kan wannan?”

“Na sani.” Surukar ta yi ƙasa da murya, amma ba ta yi ƙasa da ido ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. “Bara maganarki na bi. Aka ƙara mata jini ana gobe zaɓe, na kwana ina ɗinka mata riga. Mai hoton ko tsayawa bai yi ba, ya ce wannan ai ta fi shi lafiya. Ke kin binne naki kin huta, Mama. Ni kullum sai na danne tawa na soke ta da allurar famfo. Ɗanki da ya haife ta yana can yawon duniya, ko kukanta ba ya ji.”

Malama ta juya ga jikarta.

“Ku daina, ana kallonmu,” in ji Takwara, tana tsinka maganar da numfashi. “Tsohuwa, kin zo ki ɓata mini sa'a da wannan jar fuskar taki? Matsa can, kada a ɗauka a gidanmu ana ƙoshi.” Ta yi ɗan murmushi, ta ɗaga gefen rigarta. Cikin duk ƙulli ne da tabo, sabo a kan tsoho, wasu sun yi baƙi, wasu suna ruwa. “Ni na ce mata mu jinkirta, Kaka. Babu sauran wurin sokawa.”

Malama ta kama tsintsiyar hannunta. Sanyi ƙalau, bugun kuma kamar na ɗan tsuntsun da aka damƙe. Yarinyar ba ta da nauyin kirki. Ko da tsufanta za ta iya jan ta zuwa bene, ba kuma wanda ya isa ya tare ta.

“Saura kaɗan,” in ji Takwara. “Don Allah, takwara.”

Malama ta saki hannun. Sannan ta tattara zaninta ta zauna.

Ba ta san lokacin da ta fara kallon 'ya'yan mutane ba. Wadda ke kusa da su, tafin hannunta da sauran ja. Ta gaba da ita tana iya wasa da ƙafa. Malama ta ji wani sanyi-sanyi a ranta, ta gane murna take yi don yaran sun fi jikarta jini, ta ji kunyar kanta. Uwar yarinyar da ke kusa ta leƙo ta ƙare wa Takwara kallo, ta taɓe baki.

“Sannunku. Kun dai yi ƙoƙari bana.”

Mai hoto ya fito yana tauna cingam, kyamara a ƙirji, mutum mai furfura da ladabi. Ya bi layi yana sannu, sannu, yana ɗaga haɓa, yana jan fatar ido ƙasa da babban yatsa kamar mai taya dabba a kasuwa. Da ya iso kan Takwara ya tsaya. Ya juya fuskarta wajen taga. Ya ja da baya ya sake dubawa. Leɓɓan Malama suna motsi, addu'a take yi, kuma ta san abin da take roƙo.

“Launin ya yi,” in ji shi, yana duban Malama. “Sai dai idon nan akwai wayo. Mutane ba sa tausayin mai wayo, Hajiya.”

Ya wuce. A benci na biyu akwai wani ɗan ƙarami a cinyar uwarsa, wuyansa ya kasa riƙe kansa, bai ma buɗe ido ba da aka taɓa shi. Mai hoto ya daina tauna. Ya ɗaga wa Shugaba hannu. Uwar ta fashe da kuka tana hamdala, matan suka yi ta ce mata barka da busassun leɓɓa, suna tattara jakunkuna.

“Da mun ƙara ko mako ɗaya ne,” in ji surukar, can ƙasa-ƙasa.

Takwara ta yunƙura, gwiwoyinta suka ƙi. Malama ta shiga ƙarƙashin hammata ɗaya, uwar ta shiga ɗaya, suka bi sahun masu hawa bene, wasu da goyo, wasu da saɓe. A sama Sista ta riga ta jawo ƙarafan rataya, ɗaya a bakin kowane gado.

Maganar mai kitso ƙarya ce. Ƙungiya ba ta taɓa hana yaro ko ɗaya jini ba. Iyaye ne suke hanawa.