Zarwina Bakwai

Baba Direba ya kai daidai wurin da tayoyin gaba na motarsa suka leƙa ƙasan gada ke nan, hannu ɗaya a sama yana murza sitiyarin da babu, sai ga ɗan maƙwabciyarsa, makaniken nan mai gyaran firji, ya zo ya durƙusa a gefen benci. Mai shayi da mai wanki, waɗanda suka ji labarin gadar nan ya fi sau ɗari kuma kullum sai ta ƙara tsawo, suka samu hanyar tashi.

"Baba, Inna ce ke son ganinka."

Ya ɗauki sandarsa, wadda a cewarsa don ado yake riƙe ta, ya bi shi. Shekara hamsin katangarsu ɗaya da Inna Mai Keke. Ita ta ɗinka rigunan 'ya'yansa duka, shi ya ɗauko mata keken ɗinkin a bayan motarsa tun yana sheƙi. Yanzu keken na kusurwar ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zane, almakashi na rataye a ƙusa, gwangwanin maɓallai kuma an ture shi gefe don kwalaben magani su samu wuri. Inna na kwance, ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, amma bakin nan nata yana nan.

"Yaya, ka gama kashe zakin?"

"Yau gada ce."

"To bar motar a rataye, ba inda za ta."

Ta sallami ɗanta, sannan ta faɗa masa abin da ke cin ta. Jikarta kwana uku ke nan a duniya. Makaniken ya daɗe da yi mata alkawari in mace ce za a yi mata takwara, amma matarsa, malamar makaranta ce, ta duba sunan Inna, Zarwina, a waya ba ta same shi ba. Ta tambayi masana, kowa ya ce bai taɓa ji ba. Malama ba ta yi rashin kunya ba, cewa kawai ta yi ba za ta ɗora wa 'yarta sunan da ba a san asalinsa ba, ta girma ana sa ta maimaita shi a kowane ofis. Ita kuwa Inna abin da ta sani bai wuce abin da mahaifiyarta ta gaya mata ba, wai sunan wata baƙuwa ne.

"Kai kaɗai ka rage wanda ya gan ta da ido," in ji ta. "In na tafi da shi, ya tafi. Ka gaya musu. Amma don Allah yadda aka yi, ba yadda kake yi ba."

Baba Direba ya bugi ƙirji ya ce wannan ai aikin minti biyar ne. Shi da ya shawo kan sojoji a shinge da baki kawai, yarinyar da aka haifa jiya ce za ta gagare shi? Yana fita ya tarar da Malama a tsakar gida tana shanya kayan jariri. Ya gyara murya ya soma. Zarwina, in ji shi, 'yar wani babban attajiri ce daga bayan teku, ta zo da raƙuma arba'in, zoben hannunta kaɗai zai sayi unguwar nan da mutanen cikinta.

Malama ta saurara har ya dire, ta matse wata 'yar riga, ta yi murmushi.

"Baba, bara ka ce mana likita ce da ta sauko daga jirgin sama."

Ya ce ai duk ɗaya ne, attajirar likita ce. Ta ce Allah ya ƙara girma, ta ci gaba da shanyarta.

Bai koma benci ba. Ya shiga ɗakinsa ya zauna a bakin gado, rana na shigowa ta taga tana haska zanzanar da ta cika masa fuska da hannuwa. Da, a layin nan Zarwina bakwai ne, duk haihuwar shekara ɗaya. Akwai doguwa, akwai mai wushirya, akwai ta gidan maƙera wadda ke dukan maza, akwai wadda ba ta magana sai an tsokane ta. In uwa ta leƙo ta ƙwala kira, kawuna bakwai ke juyowa daga bakin famfo, sai ta ce ba ku ba, tawa. Baƙi in sun zo sukan tambaya ko sunan na gari ne, yara su ce a'a, na layinmu ne. Sai 'yan matan suka girma, aure ya raba su. Da suka haihu rediyo ya zo da nasa sunayen, bayansa talabijin, bayansa waya, ba wadda ta samu takwara. Shida daga cikinsu da kafaɗarsa ya raka su makwanci, har yana cika baki a hanyar dawowa cewa shi mutuwa ta san shi, ta gwada shi tun yana shekara takwas ta sha kaye.

Wannan shi ne babban labarinsa, ya fi na gada, ya fi na zaki. Shekarar da cutar agana ta shigo layin ta kwashe yara goma sha ɗaya, shi ta kama shi ya kama ta, ya tashi da ƙafarsa ba mai taimako, ya je rijiya ya ja guga ya sha. Shekara sittin da ɗoriya yana ba da shi haka, har shi kansa yakan ga gugar.

Washegari da hantsi likita ya zo ya duba Inna, ya fito ya ja makaniken gefe, maganarsu ba ta yi tsawo ba. Da Baba Direba ya shiga, ɗakin ya cika. 'Ya'yanta mata biyu na bakin gado, makaniken na tsaye jikin ƙofa, Malama na kan tabarma da jaririya a cinya. Inna ta buɗe ido ta dube shi. Ya ja kujerar keken ɗinki ya zauna, ya jingine sandarsa, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Ba ta da raƙumi ko ɗaya," ya ce. "Da ƙafa ta zo, da ɗan ƙunshi a ka."

Ya faɗa a hankali, da muryar da ba su san shi da ita ba. Baƙuwa ce, fuskarta duk zanzana, ta taɓa yin cutar a wani wuri shi ya sa ba ta tsoron ta. Ba ta jin harshensu, su ma ba sa jin nata. In an tambaye ta daga ina, sai ta dafa ƙirji ta faɗi sunanta, shi ke nan. A lokacin mahaifiyarsa ta riga ta rasu, ƙannensa biyu sun bi ta. Mahaifinsa, don ya tsirar da sauran, ya kai shi ɗakin awaki ya kwantar, yana turo masa kwanon ruwa da doguwar sanda daga waje. Ba rijiya, ba guga. Ko ɗaga kai ba ya iyawa.

"Ita ta shigo. Ta wanke ni. Da tsumma take ɗiga mini ruwa a baki. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini hannuwa kada in sosa idona ya tsiyaye. Ina ɓata shimfiɗa, tana wankewa. Ina kuka ina ce mata Inna, tana amsawa, alhali ba ta san abin da nake faɗa ba. Kwana goma sha tara."

Gida shida ta yi wa haka, in ji shi, wasu yaran sun tashi, wasu a hannunta suka cika. Da cutar ta lafa, wata safiya ta ɗaura ƙunshinta. Ya bi ta da gudu har ƙarshen layi yana riƙe da zanenta, ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi ya fuskanci gida, ta tura shi. Matan layin ba su da abin da za su ba ta, ba su ma san inda za su aika ba. Duk wadda ta haifi mace a shekarar sai ta sa sunan.

Ya juya ga Malama. "Ma'anarsa ban sani ba, 'yata. Ƙasarta ban sani ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Fanka na ta ƙiƙi-ƙiƙi a sama. Malama ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tuntuni. Ya ce wa zai zauna a bencinsa don ya ji an yi masa wanka? Sai suka ji wani ɗan sauti daga kan gado. Inna ce ke dariya, ƙirjinta na hawa da sauka da ƙyar.

"Ashe har da fitsarin kwance, Yaya."

"Ke ana haihuwarki a lokacin, me kika sani?"

"Na sani yanzu."

Malama ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Jaririyar ta motsa, ta tashi ta fita da ita. Inna ta bi su da ido har labule ya sauka. Bayan la'asar ta ce a buɗe mata taga, ta nemi ruwa ta kurɓa sau biyu, ta ce wa babbar 'yarta akwai rigar wata mata a ƙarƙashin matashi da ba ta gama kalmasa ba, a mayar mata da haƙuri. Kafin rana ta faɗi ta cika.

Baba Direba ya raka ta, Zarwina ta bakwai. A hanyar dawowa mai shayi ya matso kusa da shi yana jiran maganar da aka saba, bai samu ba. Kwana biyu bencin na ƙofar gida ba kowa a kai. A ransa ya riga ya yanke cewa ya tona kansa a banza, Inna ta tafi ba ta ji amsa ba, labarin ɗakin awaki kuwa yanzu ya zaga layi.

Ana gobe suna, da safe, yana tsakar gidansa yana jiƙa burodi a shayi, aka yi sallama. Malama ce, da goyo a baya, katin asibiti da biro a hannu. Ta gaishe shi, ta yi masa ta'aziyya shi ma, ta zauna a bakin baranda ta ɗora katin a gwiwa.

"Baba, faɗa mini shi yadda ita take faɗa. Ba na son in rubuta ba daidai ba."

Ya ajiye kofin. Ya dafa ƙirji da tafin hannu, ya faɗa a hankali, yana jan tsakiyarsa kamar yadda ya ji shi a ɗakin awaki. Ta sa ya maimaita, ta rubuta. Ya ce ta miƙo ya gani. Ya karɓi katin a juye, ta gyara masa, ta nuna masa wurin da farce. Ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake matsowa.

"Duka ke nan?" ya ce. "Ashe ɗan guntu ne."

Ya ɗora babban yatsansa a ƙarƙashin rubutun yana bin sa daga wannan gefe zuwa wancan, shayin na hucewa a gefensa.